Tsohon saksofon mai ƙarin maɓallai ko na zamani: wanne za ka ɗauko zuwa ƙauye?

Ɗan ƙanwata ya iso gidana a kan babur bayan la'asar, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya miƙo mini waya. "Kawu, duba mini waɗannan. Wanne zan ɗauka?" Hotunan saksofon ne, abin busan nan na Turawa, guda uku da wani mai kayan gwanjo a Kano ya turo masa: ƙirar kamfanin Conn mai ruwan azurfa da ya dushe ya yi baƙi, Buescher mai kama da shi, sai Yamaha YAS-23 da ya sha hannun 'yan makaranta a ƙetare. Dukkansu alto ne, wato matsakaicin saksofon wanda bai kai teno girma ba. Yaron shekararsa biyu yana busa da na aro, yana bin wani mai fiyano zuwa bukukuwa a Birnin Kudu da Gwaram, wani lokaci har Dutse. Zuciyarsa ta riga ta tafi wajen Conn, domin ya ƙirga maɓallansa a hoto ya ga akwai waɗanda Yamaha ba shi da su. Ya ɗauka abin kamar waya ne, wadda ta fi yawan kyamara ita ce babba.

Ni cikin 'yan badujalar makaranta na fara busa, na kuma koyi gyara a zauren gidana ne saboda dole, tunda daga nan zuwa Sabon Garin Kano yini guda ne da kuɗin mota. Saboda haka na sa aka shimfiɗa mana tabarma a gindin dalbejiya, na ce masa ya zauna, wannan ba cinikin biri a sama ba ne. Mai kayan ya rubuta masa cewa duka ukun "Beljiyam" ne. Na yi dariya, domin wanda ya ƙirƙiri abin, Adolphe Sax, ɗan Beljiyam ne na gaske, a Faris ya yi masa rajista a 1846. Ta wajen kaka dai kowane saksofon ɗan Beljiyam ne.

Kafin a zo maganar maɓallai, na sa ya kira mutumin ya ɗauko hoton bayan kowanne, ƙasa da inda babban yatsan dama ke maƙalewa, wurin da aka buga lambar ƙira. A tsohon Conn za ka ga harafin L ko H a ƙarƙashin lambar, Buescher kuwa yakan buga LOW PITCH ɓaro-ɓaro. L na nufin an ƙera shi a kan muryar da duniya ke kai yau, inda sautin A ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ma'aunin da aka amince da shi a wani taro a Landan a 1939. H tsohon ma'auni ne, A ɗinsa na kaiwa wajen 457 a kayan Amurka. Tazarar ta kai kusan kashi biyu cikin uku na abin da ke tsakanin farin maɓallin fiyano da baƙin da ke gefensa, kuma ko kunnen da bai san kiɗa ba zai ji kamar kishiyoyi ne ke musayar magana. Janyo bakin busa baya ba ya magance shi, domin ramukan jikin gaba ɗaya an huda su ne a kan gajeren jiki. Ka daidaita sauti ɗaya, sauran su karkace.

Wannan ya fi shafarmu fiye da yadda ake zato. Badujalar sojan Ingila ta zauna a kan babbar murya, wajen 452, har ƙarshen shekarun 1920, kuma kayan busan da suka fara shigo mana zamanin Turawa ta can suka biyo. Duk abin busan da ka tsinta a tsohon sito ɗauke da sunan Hawkes & Son ko Boosey & Co., wato kafin kamfanonin biyu su haɗe a 1930, sai ka gwada shi da fiyano tukuna. Ni kaina na taɓa faɗawa ramin. Na sayi wani a hannun mutumin da ya gada wajen mahaifinsa, na kwana ina murna, ranar da na shiga cikin 'yan'uwa masu ƙaho sai kowa ya juyo yana kallona. Wasu fiyanon ana iya ɗaga muryarsu su tarar da shi, gaskiya ne, amma da zarar wani abin busa ya shigo, zance ya ƙare. Ƙara da cewa a bazara iskar da ke cikin kowane abin busa takan ɗumama murya ta ƙara hawa, to mai H a watan Afrilu sai dai ya busa wa awaki.

A wannan hoton ne kuma ake kama wani ruɗun. Conn kan buga A a saman lambar in alto ne, T in teno ne, C kuwa in irin wanda ake kira C melody ne, mai girma tsakanin biyun. Ya yi tashe a Amurka a shekarun 1920 saboda abin da yatsa ya kama shi fiyano ke faɗa, ba sai an juya ba, sannan kasuwarsa ta mutu bayan karyewar tattalin arziki ta 1929. 'Yan gwanjo kan sayar da shi da sunan teno, ba don mugunta ba, don ba su sani ba. Muryarsa na da daɗi, amma bakin busa da rid (ɗan siririn karan da ke kaɗawa a jikin bakin) da suka dace da shi ba a samunsu cikin sauƙi. Haka nan in ka ga maɓalli biyu a wurin babban yatsan hagu maimakon ɗaya, wannan kakan kakanni ne: ɗaya na hawa sama daga D zuwa G shaf (shaf na nufin rabin mataki sama da sautin), ɗayan daga A zuwa sama, kai ne za ka riƙa sauyawa da kanka a tsakiyar waƙa. Tun ƙarshen shekarun 1880 aka ƙirƙiro wanda ke sauyawa da kansa. Irin wannan na ajiya ne, a nuna wa baƙi.

Hoto ya dawo, duka biyun tsofaffin a kan L suke. Sai muka shiga ainihin maganar.

A bayan jikin Conn ɗin, ƙasa-ƙasa, akwai wani ɗan murfi da bai kai faɗin bakin kwalbar lemo ba. Buescher ma yana da shi, Yamaha babu. Wannan shi ne ramin E filat na biyu (filat na nufin rabin mataki ƙasa da sautin). A kowane saksofon, in kana son E filat sai ka rufe yatsu uku na hagu da uku na dama, wato D, sannan ƙaramin yatsan dama ya danna nasa maɓallin. A waɗannan tsofaffin akwai wata hanyar. Kana kan D sai ka ɗaga yatsan tsakiya na dama kaɗai, manuniya da na zobe suna ƙasa. Babban murfin da ke ƙarƙashin yatsan da ka ɗaga ba zai tashi ba, domin na zobe na riƙe da shi ta wani ɗan hannu. Abin da zai buɗe shi ne wancan ɗan murfin na baya, sai E filat ta fito. Conn da Buescher da Martin, waɗanda duka a garin Elkhart na jihar Indiyana suke, da King na Cleveland, duk sun sa shi a kayansu na shekarun 1920, daga baya ya riƙa ɓacewa cikin shekarun 1930.

Don karkarwa tsakanin D da E filat aka yi shi, da kuma tsalle tsakanin C na ƙasa da E filat, wanda a na zamani ƙaramin yatsa ɗaya ne zai yi ta zamewa tsakanin maɓallai biyu a kan 'yan tayoyi. Masu gyara da yawa a ƙasashen Turai da Amurka sun ɗauke shi kayan wahala, toshe shi suke yi. Ni ban yarda da su gaba ɗaya ba, kuma dalilina daga kiɗanmu ya fito. Mai fiyanon da yaron nan ke bi, kamar da yawa cikin waɗanda suka koya da kunne, a kan baƙaƙen maɓallai yake zaune, domin su biyar ɗin nan sun yi daidai da matakai biyar da yawancin waƙoƙinmu ke takawa. Alto kuwa in ka kama C, fiyano E filat yake ji. In ka lissafa, baƙaƙen maɓallan nan biyar a hannun mai alto su ne C, E filat, F, G da B filat. Ke nan E filat na cikin kusan kowace jimla da yaron zai busa a wajen biki. Ga kuma abin da ya fi burge ni: in ka kama E filat ta wannan hanya, zuwa F yatsa ɗaya kawai za ka ɗaga, na zobe. Ka mayar da shi ka dawo. Irin lanƙwasar nan da mai algaita ke yi da yatsa ɗaya a kan rami, a nan sai ta zo maka a arha, alhali a Yamaha sai yatsu uku sun tashi tare sun sauka tare.

Yaron ya washe baki, ya ce, "Ka gani ko, Kawu? Ai da tsohuwar zuma ake magani."

Na ce masa tsaya, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ramin ƙarami ne, saboda haka E filat ɗinsa takan fito a ɗan shaƙe, ta dace da wucewa da sauri, ba ta dace da a ja ta ba. Wannan ƙaramar magana ce. Babbar ita ce, yatsa ɗaya ne yake rufe murfi biyu, na gaba da na baya, kuma tilas su sauka a lokaci guda. Abin da ke daidaita su ɗan ɓawon toshiya ne mai kaurin farce. Hunturu ya shigo ya busar da shi, ko ya ɓantare, sai ɗan murfin ya fara yoyon iska, kuma duk sautin da ke ƙasa da shi, daga D har B filat na can ƙasa, zai koma gurnani ko ya ƙi fitowa sam. Mai koyo ba zai san daga ina matsalar take ba, zai ɗauka bakinsa ne, ya yi ta cije rid har ya lalata yadda yake kama baki. In abin ya ishe ka, ana juya sifirin ɗinsa ya riƙa danna murfin ƙasa, ko a cusa toshiya ta riƙe shi a rufe, saksofon ya ci gaba da aiki lafiya ƙalau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire murfin a liƙe ramin da dalma, domin wanda zai gaje shi wata rana zai so ya buɗe.

Maɓalli na biyu da ya ƙirga shi ne wani ɗan ƙarami da ya leƙo tsakanin manuniya da yatsan tsakiya na dama. Na karkarwar G shaf ne. Kana riƙe da G shaf da ƙaramin yatsan hagu, sai ka riƙa taɓa wannan da yatsan dama, yana rufe murfin yana sakinsa, aikin da ƙaramin yatsa mai rauni zai yi sai mai ƙarfi ya karɓe shi. Wannan ba ya da ramin kansa, sanda ce kawai, don haka ba ya kawo yoyo. Amfaninsa kaɗan ne, cutarsa ma kaɗan ce, in ban da mai kaurin yatsu da zai riƙa tuntuɓe da shi makon farko. Kada ya sa ka saya, kada ya hana ka.

Abin da ya fi shi muhimmanci a G shaf shi ne a gwada ko yana rufe kansa. Danna shi ka riƙe, sannan ka danna manuniyar dama, ka duba murfin: in ya sauka da kansa, madalla. Mai teno ya fi buƙatar wannan, domin baƙaƙen maɓallan nan a hannunsa F, A filat, B filat, C da E filat ne, kuma A filat ita ce G shaf, tsalle daga F zuwa gare ta ba ya ƙarewa. A Yamaha da duk na zamani, maɓallan C shaf da B da B filat na ƙasa ma suna jan G shaf tare da su. A tsofaffi da yawa na shekarun 1920 babu wannan haɗin. Shi kuma murfin G shaf, tsoho da sabo duk halinsu ɗaya: a rufe yake kwana, sifirin mai rauni ne ke buɗe shi, don haka in ka sha zoɓo ko kunun zaƙi ka busa ba ka kurkure baki ba, gobe zai manne. Ka saka takarda mai tsabta a ƙarƙashinsa, ka danna a hankali ka ja.

B filat kuwa hanyoyinta sun fi na kowane sauti yawa, kuma a nan tsoho da sabo ba su da bambanci a tsari, sai a lafiya. Akwai ta ɗan ƙaramin maɓallin da ke ƙarƙashin manuniyar hagu, ka danne shi tare da na B da yatsa ɗaya. Akwai ta gefe, ka kama A ka ƙara maɓallin ƙasa cikin ukun da gefen hannun dama ke turawa. Akwai kuma ta manuniya biyu, hagu da dama. Ga waƙar da ke kan matakan nan biyar, wadda B zalla ba ta shigowa cikinta, ta farkon ta fi sauƙi, ka ajiye yatsanka a kan maɓallan biyu ka manta. Ta manuniya biyu kuma ita ce ta tsalle daga F, yatsu biyu na hagu kawai za ka ɗaga. To ita wannan ta ukun, ta wata doguwar sanda ake rufe murfinta daga nesa, kuma a tsohon da ya daɗe bai ga mai gyara ba ita ce ke fara shaƙewa. In ka je gwaji, busa B filat ta hanyoyin nan uku a jere. Idan muryarsu ta yi kusa da juna, an kula da kayan. Idan ta ukun ta fito kamar mai mura, ka san akwai aiki a gabanka.

Inda tsofaffin biyu suka rabu da juna shi ne can sama. A saman maɓallin B na hagu, Conn ɗin, wanda ƙirar New Wonder ta biyu ce ta tsakiyar shekarun 1920 zuwa ƙarshensu, yana da ƙarin maɓalli na F ta sama. Buescher ɗin, True Tone ne na farko-farko, ba shi da shi, sai a na baya aka ƙara. Da wannan maɓallin, manuniya ta hau kansa, yatsan tsakiya na kan C, sai F ta sama ta fito ba tare da tafin hannu ya danne maɓallai uku ba. Ka ƙara na zobe ka sami E. Ka kama F ɗin ka ƙara B filat ta gefe ka sami F shaf, wadda duka ukun ba su da maɓallinta, har shi YAS-23. Ta wannan ƙofar ce kuma ake shiga sautukan da suka wuce iyakar maɓallai, irin ihun da matasa ke so a ƙarshen waƙa. Wanda ba shi da ita zai iya busa duk abin da ake buƙata a biki, amma yaro mai buri zai ji an rufe masa ɗaki. A nan na cire Buescher ɗin daga lissafinsa, duk da cewa muryar True Tone na cikin mafi taushi da na taɓa ji.

Akwai gyare-gyaren yatsa guda biyu da kowane mai tsohon saksofon yake koya da kansa. D na tsakiya yakan hau sama fiye da kima, sai ka ƙara maɓallin B na ƙasa ya sauko. C shaf na tsakiya, wanda ake busawa hannu a sake, yakan yi ƙasa, sai ka danna maɓallin babban yatsa da na zoben hagu ya ɗago. Kafin ka zargi kayan kuma, duba bakin busa. An ƙera tsofaffin nan ne da baki mai faɗin ciki zagayayye, in ka ɗora musu na zamani mai matsattsen ciki da ƙarar tsiya, sama da ƙasa ba za su jitu ba.

Sai hannu. Kusan duk saksofon da ake ƙerawa yau, daga Japan har Sin, tsarin Selmer na Faris yake bi. A tsakiyar shekarun 1930 ƙirarsu ta Balanced Action ta mayar da murfin B da na B filat na ƙasa zuwa gefen dama na mazurari, wadda ta biyo ta ta karkatar da maɓallan hannun dama su fuskanci yatsu, sai Mark VI ta 1954 ta zama abin kwaikwayon kowa. A tsofaffin Amurka na shekarun 1920 murfi ɗaya na dama ɗaya na hagu, ramukan hannu biyu a layi ɗaya suke, kuma maɓallan ƙaramin yatsan hagu sai da ƙarfi, musamman C shaf, inda yatsanka ne ke kokawa da sifirin kai tsaye. G shaf na Conn ɗin an yi masa zane kamar magagari don kada yatsa ya zame, amma hakan ya sa zamewa daga shi zuwa maƙwabtansa ya yi wuya. Wanda ya koya a kan tsarin zamani zai yi makonni yana jin kamar ya hau babur ɗin wani. Ga kuma abin da Bature bai yi tunaninsa ba: murfin da ke gefen hagu jikinka yake gogawa. Ka sa babbar riga ko kaftani mai faɗi ranar ɗaurin aure, yadi ya shiga ƙarƙashinsa, B na ƙasa ta ɓace a gaban jama'a. Haka abin yake a Conn 6M na shekarun 1930 zuwa gaba, wanda duka biyun na hagu suke, da saksofon mai suna Bundy na farko da ya gaji ƙirar Buescher bayan kamfanin Selmer na Amurka ya saye shi a 1963. Ni ɗamara nake yi da rawani in zan busa irinsu.

Duk wannan ana sabawa. Abin da ba a sabawa da shi shi ne rashin mai gyara, kuma a nan ne kowane kamfani ya zo da nasa salon. Conn ya naɗe bakin ramukansa kamar bakin kwano, abin da ke sa fatar murfi ta daɗe ba ta yanke ba, alheri ne babba inda fata ke bushewa. Amma in ramin ya karkace ba a goge shi da magagari a daidaita, domin za a cinye naɗin. Yana kuma da wasu 'yan mitsi-mitsin sukuru da ke kulle manyan, in ɗaya ya faɗi cikin yashi sai dai haƙuri, in ya yi tsatsa aka tilasta babban, zare ya lalace. A wuyansa akwai wani zobe mai kauri da ake murɗawa bakin busa ya matsa gaba ko baya. Dabara ce mai kyau ga wurin da sanyin asuba da zafin azahar ke sauya murya, sai dai ƙura na shiga ta haɗu da tsohon maiƙo ya daskare, ko ya saki ya riƙa girgiɗi yana yoyo. Ana kwance shi a wanke da kananzir a sa giris mai kauri. Kada a kama shi da filaya.

Buescher shi kuma fatunsa ba da danƙo ake liƙa su ba. Tun shekarun 1920 ya sa wani maɓallin ƙarfe kamar na riga, ka ɓalle shi ka cire tsohuwar fata ka ɗora sabuwa ka danna. Daga farkon shekarun 1930 har sifirin ɗinsa murɗawa ake yi kamar sukuru. An yi haka ne don mutumin da ke nesa da mai gyara, wato irinmu, amma sai in maɓallan na nan. Da yawa an riga an kankare su an zubar, kuma fatar da ta dace da su mai faɗin huda ce, sai an yi oda ko ka huda da kanka. Martin kuwa, ko da yake ba ya cikin ukun, na ja masa kunne a kansa: bakin ramukansa da dalma aka ɗora su a jiki. Na taɓa ganin wanda ya kai irinsa wajen mai walda don a manna masa ƙafar maɓalli ɗaya, wuta ta yi yawa, ramuka biyu suka zame. In dole ne a sa wuta a jikin saksofon, maƙerin fari mai gyaran zobe da warwaro ya fi mai waldar ƙofa sanin hannunsa.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan tara abin mamaki. Holton ya fitar da ƙira mai sunan Rudy Wiedoeft, shahararren mai busa na shekarun 1920, da ƙarin maɓallan karkarwa. Leblanc na Faransa ya yi wani tsari da yatsan dama ke saukar da sautukan hannun hagu da rabin mataki, abin sha'awa a takarda, ga sukurun daidaitawa kamar injin agogo. In irinsu ya faɗo hannunka ka ɗauki hoto ka turo mini in gani, amma kada ka kai shi wajen biki a bayan babur.

Yamaha ɗin ba shi da labari ko ɗaya cikin waɗannan. Ramukansa a miƙe suke, fatunsa irin waɗanda kowane mai sayar da kayan kiɗa ya sani ne, sautukansa sun jitu da fiyano ba sai ka yi ta lallashi ba, hannunsa irin wanda yaron ya saba da shi ne. Muryarsa ta fi siranta, ba ta da kaurin nan na Conn mai cika fili ko babu lasifika. Amma a bikin yanzu ta makirfo ake jin mai busa, ga janareto na ruri a bayan rumfa, rabin kaurin nan a hanya yake zubewa. Abin dubawa a kansa shi ne dukan da ya sha a hannun yara: wuya ko ya lanƙwashe, jiki ko ya karkace, sandunan ko suna girgiɗi.

Na ce masa, ɗana, kai da saksofon ɗaya za ka mallaka, da shi za ka ci abinci, ba ka taɓa canja fata ko ɗaya ba, ɗauki Yamaha. Lanƙwasar E filat da F za ka same ta da yatsu uku in ka ba ta wata biyu. Conn na wanda yake da wani a ajiye ne, wanda yamma za ta yi masa yana daidaita toshiya bai ji haushi ba. Da a ce 6M ne mai lafiya da na yi jinkiri kafin in yanke, domin hannunsa ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma ba shi ne a hoton ba.

Na lissafa masa abin da zai tafi da shi Kano: bakin busan da ya saba da shi da rid biyu, manhajar auna murya a waya, ƙaramar tocila da zai zura cikin jikin a ɗaki mai duhu ya rufe murfi ɗaya-ɗaya ya ga inda haske ke tsiyaya, da guntun zaren tsohon kaset da zai saka ƙarƙashin fata ya ja, ya ji ko ta kama ta kowane gefe. Ya fara da B filat na can ƙasa a hankali, ba da ƙarfi ba, domin da ƙarfi ko rariya ma tana magana.

Ya tashi yana kaɗe wando, fuskarsa ba walwala, ya tayar da babur ana kiran magariba. Har ya kai bakin hanya na ƙwala masa kira ya dawo. Na ce in ya gama cinikin nasa ya tambayo mini nawa mutumin zai bar Conn ɗin, ya kuma duba ko ɗan murfin nan na baya yana motsi, amma kada ya kuskura ya ce kawunsa ne ke so.